Kwana shida a kan sawun 'yan Mormon: sharhi kan tsarin tafiyar da muka saya

Babbar 'yata ce ta jawo mana wannan tafiya. An ba su aiki a makaranta kan addinan da suka tsiro a Amurka, ta zaɓi 'yan Mormon, ta kuma dame ni da tambayoyin da ba ni da amsarsu. Da hutun bazara ya zo, sai na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya tsara mana komai: motar haya mai kujera bakwai, masauki na kowane dare, da wani littafin jagora mai taswira da bayanin kowane wuri. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku, muka tashi daga unguwar Bronx ta birnin New York bayan sallar asuba.

Motar dai ba abin da zan ce. Ta ɗauke mu da kula biyu na abinci da filas ɗin shayin uwargida, ba ta taɓa yi mana gardama ba.

Zangon farko Palmyra ne, a arewacin jihar New York. A nan ne Joseph Smith, wanda ya kafa addinin, ya ce ya ga wahayi a wani kurmi kusa da gonar iyayensa a 1820. Kurmin na nan, shiru, sai kukan tsuntsaye, kuma yaran sun gaji da shi cikin minti goma. Abin da ya riƙe su shi ne maɗaba'ar Grandin a tsakiyar gari, inda aka buga littafinsu mai tsarki a 1830, kwafi 5,000 a bugun farko. An nuna mana yadda ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, a juye, kafin a shafa tawada a danne takarda. Autana ya daɗe yana leƙen akwatin haruffan, sannan ya ce, "Baba, idan mutum ya yi kuskure ɗaya fa?" Shiga duk waɗannan wurare kyauta ne, masu zagayawa da baƙi kuma 'yan mishan ne, yawanci 'yan mata bibbiyu ko dattawa mata da miji. Sun ga hijabin uwargida, suka tambaye mu daga ina, suka ci gaba da bayaninsu cikin mutunci.

A Kirtland ta jihar Ohio mun shiga haikalin da suka keɓe a 1836, mai mumbarai hawa-hawa a gaba da baya. Littafin jagoranmu ya ce ginin na hannun wata cocin da ta ɓalle daga cikinsu. Tsohon labari ne wannan, domin tun a 2024 aka sayar wa babbar cocin da ke da hedikwata a Salt Lake City. Daga nan na fara zargin cewa kamfanin bai sabunta littafin ba.

Ranar da ta fi ba ni haushi ita ce ta uku. Sun rubuta Kirtland zuwa Nauvoo a matsayin tafiyar yini ɗaya "cikin kwanciyar hankali". Wanda ya rubuta haka bai taɓa tuƙa yara uku ba. Kusan awa goma ce a kan sitiyari, ban da tsayawar sallah da fitsari da faɗan wa zai zauna gefen taga. Mun yi azahar da la'asar a kan ciyawar wurin hutawar matafiya, manyan motoci na wucewa. Muka isa masauki da dare, muka tarar ɗaki ɗaya aka kama mana maimakon biyu. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ka biya, sai ka kira su." Na kira, ba wanda ya ɗaga sai washegari. Sun mayar da kuɗin ɗakin, wannan kam na ba su.

Amma Nauvoo ta wanke mana rai. Garin na bakin kogin Misisipi ne a jihar Ilinoi, inda 'yan Mormon suka taru bayan gwamnan Misuri Lilburn Boggs ya ba da umarni a 1838 a kore su ko a hallaka su. An gyara tsofaffin gidajen bulo da maƙera, ana kuma zagayawa da mutane a keken doki. Haikalin da ke kan tudu sabon gini ne na 2002 a gurbin na asali, kuma ba a barin wanda ba ɗan cocin ba ya shiga, sai kallo daga waje. Da yamma muka bi titin da ya gangara zuwa kogi, wanda suka bi da kekunan shanu a Fabrairun 1846, cikin tsananin sanyi, suka tsallaka suka nufi yamma. Brigham Young, wanda ya jagorance su bayan mutuwar Smith, bai isa kwarin Salt Lake ba sai a Yulin 1847.

Kurkukun Carthage kamar rabin awa ne daga nan. A ɗakin sama gungun mutane ɗauke da bindigogi suka kashe Joseph Smith da yayansa Hyrum ranar 27 ga Yuni, 1844. Hudar harsashi na nan a jikin ƙofar. 'Yata ta tsaya a gabanta ba ta ce uffan ba, sai da muka shiga mota ta buɗe littafin jagoran tana neman dalilin kama shi. Babu. Ni na gaya mata cewa majalisar garin Nauvoo, da Smith a matsayin magajin gari, ta sa an farfasa injin buga wata jarida da ta fallasa batun auren mata da yawa da yake yi a ɓoye. Littafin bai kuma ambaci cewa sai a 1978 cocin ta yarda baƙar fata su zama limamai ba, alhali yau tana da haikali a Aba tun 2005. Ga ɗalibar da ke rubuta aikin makaranta, wannan giɓi ne babba.

Wanda zai sayi irin wannan tsari, ya sa su raba hanyar Ohio zuwa Ilinoi gida biyu, ya kuma tabbatar da adadin ɗakuna a rubuce kafin ya bar gida. Kuɗin mota da masauki sun biya kansu. Littafin kuwa yana cikin aljihun ƙofar motar, can muka manta shi ranar da muka mayar da ita.