Littafi, Manhaja ko Magani: Me Ya Cancanci Kuɗinki a Lokacin Ɗaukewar Al'ada?

Al'adar yawancin mata tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa tabbatar da hakan sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan ake shan fama: jini ya zo wannan wata ya tsallake biyu, zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane cikin dare. A Katsina, inda zafin bazara kan kai digiri 40, da wuya mace ta rarrabe zafin gari da na jikinta idan ba ta rubutawa.

Manhajojin waya irin su Flo da Clue suna lissafa kwanaki da kansu, amma sai mai jin Turanci ko wani harshen waje, wasu sassansu kuma sai an biya. Akwai batun sirri ma, domin a 2021 hukumar kasuwanci ta Amurka ta zargi Flo da miƙa bayanan mata ga Facebook da Google. Littafin makaranta kuwa ba ya neman caji ko data, ana cika shi da boko ko da ajami, kuma ni shi na fi so. Ki rubuta ranar zuwan jini da yawansa, sau nawa zafin ya taso, da ko kin sha shayi ko kin ci yaji kafin nan. Shi zai raba miki gardama a lissafin ramuwar azumi.

Idan akwai rarar kuɗi, na'urar awon hawan jini ta fi cancanta, saboda haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada. Ta damtse ta fi ta wuyan hannu daidaito, sai dai ki gwada maɗaurin a shago, kada ya yi miki kaɗan. Fanka mai caji tana biye, kuma ƙarfin batir ake tambaya, ba girman fankar ba. Atamfar auduga ta fi leshi shan iska.

A wajen magani ne ake asarar kuɗi. Don bushewar gaba, man shafawa na kemis da aka haɗa da ruwa ya fi matsin kayan mata da ba a san haɗinsa ba. Maganin estrojen, sinadarin jikin mace da ke raguwa a wannan lokaci, shi ne mafi tasiri a kan zafin, amma wadda ba a cire wa mahaifa ba sai an haɗa mata da projestojen, wani sinadarin da ke kare mahaifa, kuma ba kasafai ake bai wa wadda ta yi sankarar mama ko daskarewar jini ba. Wannan hukuncin likitan mata ne, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina, kuma ki tafi da littafinki. Gumin dare mai haɗe da tari da rama yana buƙatar gwajin tarin fuka, jinin da ya dawo bayan wata 12 kuwa ba a jira ya maimaita kafin a je asibiti.