Kujerar Chandigarh Ƙirar Kano, Bayan Hunturu Guda

Bara na sayi kujeru biyu a wani shagon kafintoci da ke titin Gidan Zoo, waɗanda aka ƙera bisa samfurin kujerar ofis ta Pierre Jeanneret, ɗan Siwizalan ɗin nan mai zanen gine-gine da ya zauna a Indiya daga 1951 zuwa 1965 yana kula da ginin birnin Chandigarh, wanda ɗan'uwansa Le Corbusier ya tsara. Da gangan na jinkirta wannan sharhi sai da hunturu ya wuce, domin a garin nan iskar hunturu ce alƙalin kowane katako.

Ta asali da katakon tik da saƙar kwagiri ake yin ta, ƙafafunta kuma suna buɗewa kamar harafin V da aka kifa. Tawa da maɗaci aka yi ta, kuma kafintan bai ɓoye mini hakan ba. Ya kama siffar sosai: mariƙin hannu a shimfiɗe yake, majinginar ta ɗan kwanta baya daidai yadda mai karatu yake so, an kuma haɗa sassan da fiƙe da gam maimakon a cika su da ƙusa. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne saƙar, domin a zafin watan Afrilu, lokacin da kushin yake jiƙa wa mutum riga, ita iska take bari ta ratsa. Ban yi mamaki ba, tunda don ƙasa mai zafi irin tamu aka tsara ta. Maxwell Fry da Jane Drew ma, waɗanda suka yi aikin Chandigarh tare da Jeanneret, su ne suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan.

Sai dai ɗaya daga cikin kujerun ta tsage a mahaɗar ƙafa cikin watan Janairu, alamar katakon bai gama bushewa ba aka fafe shi, saƙar mazauninta kuma ta ɗan saki. An gyara mini ba tare da karɓar ko sisi ba, amma sai da na yi zarya sau uku.

Inda na saɓa da shagon shi ne tayin da suka yi mini na kankare katakon ya yi kamar tsoho, a kuma buga masa haruffan fenti a baya irin na ma'aikatun Chandigarh. Waɗannan haruffa suna cikin abin da masu tara kayan tarihi ke dubawa, tun da dillalan Faransa suka kwashe kujerun da aka watsar a can suka kai su gwanjon Turai, har gwamnatin Indiya ta hana fitar da su a 2011. Buga su a kan sabuwar kujera algus ne, ko da mai saye ya sani, domin wanda zai gada ko ya saya daga hannunsa ba lallai ya sani ba. Na ƙi, na kuma roƙi kafintan ya buga sunansa da shekarar ƙira a ƙarƙashin mazauni. Ya yi dariya, amma ya buga.