Shagon canjin kirifto a gefen kasuwar Dole: inda ya yi mini rana da inda ya ba ni kunya

Tun da na ajiye aikin koyarwa ni nake riƙe wa ƙanena littafin lissafin shagonsa na atamfa da shadda, saboda haka duk hanyar da kuɗinsa zai bi daga Damagaram zuwa Kantin Kwari a Kano sai ta biyo ta gabana. Shekara da shekaru hanyar guda ce. A kai sefa wurin ƴan canji, a karɓi naira, a ɗaure ta a jiki ko a damƙa wa direban da aka yarda da shi, a bi ta Matamaye da Ɗan Barto, a ratsa Daura, mutum yana addu'a har ya isa. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar, da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyaka, kuma cirar kuɗi a banki ta koma sai an yi dogon layi a ba ka abin da aka ƙayyade, wannan hanya ta toshe mana. A lokacin ne wani maƙwabcin shagonmu ya raka ni wurin wani saurayi da ke sayar da USDT, wani nau'in kirifto, wato kuɗin intanet, a wani lungu kusa da kasuwar Dole. An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma mu ba mu daina zuwa wurinsa ba, kuma shi ya sa nake ganin na san shagon sanin da zan iya faɗin alherinsa da aibinsa.

Ɗaki ɗaya ne, da benci, da teburi, da na'urar ƙirga kuɗi, da wayoyi uku da kullum suke jone da batirin sola. Allon da ke bakin ƙofa bai ambaci kirifto ba ko kaɗan, tura kuɗi da sayar da katin waya kawai aka rubuta. Tsarin aikin ba shi da wuyar fahimta. Ka ba shi sefa, ko a hannu ko ta Airtel Money, shi kuma ya tura maka USDT daidai kuɗinka, wato wani kuɗin intanet da kamfanin Tether ya fito da shi a 2014 bisa alkawarin cewa kowane guda ɗaya zai tsaya daidai da dalar Amurka ɗaya. Dole in riƙa cewa dalar Amurka, domin a nan garin idan ka ce dala, sefa biyar kake nufi, kuma na taɓa ganin wani dattijo a kan bencin nan ya yi murna da jin cewa abin dala ɗaya ne, kafin a fahimtar da shi.

Ranar farko na ƙi yarda a tura kuɗin gaba ɗaya, na ce a gwada da USDT 10. Bai nuna ɓacin rai ba. Ya karɓi adireshin da dilanmu na Kano ya aiko, jerin haruffa da lambobi 34 da ya fara da harafin T kamar yadda adireshin Tron, hanyar intanet da ake tura USDT ta cikinta, yake farawa, ya juyo mini da fuskar wayar ya ce, "Baba, karanta mini huɗun farko da huɗun ƙarshe daga taka wayar, ni kuma in duba tawa. Idan kuɗi ya tafi inda ba a nufa ba, babu ofishin da za mu je mu yi kuka." Na karanta, ya danna, muka zauna shiru. Ban gama shan kofin shayin da yaronsa ya miƙo mini ba sai ga kira daga Kano, dilanmu Alhaji yana cewa, "Sun shigo, Malam, a turo sauran." Abin da a da yake cin kwana biyu da fargabar hanya ya ƙare cikin ƴan mintuna, kuma tun daga ranar ba a taɓa samun kuɗinmu ya maƙale ba, sai dai ranar da layin intanet ya yi rauni mu jira.

Abu na biyu da ya sa na riƙe shi da mutunci shi ne ranar da ya buɗe mini tawa jakar ajiye kirifto a waya. Manhajar ta fito da kalmomi 12 na sirri, waɗanda duk wanda ya mallake su ya mallaki abin da ke ciki. Ni da ban san dawan garin ba na miƙa masa wayar don ya kwafe mini su, sai ya kawar da kai ya ce, "A'a Baba, kada ka nuna mini, kada ka nuna wa kowa. Ka rubuta da hannunka a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gida." Wanda yake da niyyar cuta ba zai yi haka ba.

To, amma shagon yana da aibi, kuma na farko shi ne farashi. Ba a rubuta shi a allo, sai ka tambaya a faɗa maka da baki, kuma na lura yana sauyawa gwargwadon fuskar mai tambaya da yawan abin da ya kawo. Akwai tazara tsakanin farashin da yake sayar maka da wanda yake saye daga hannunka, wannan kuwa ba laifi ba ne, domin a nan abincinsa yake, haka ƴan canjin Wapa a Kano suke yi. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne baƙo ba ya sanin faɗin tazarar sai ranar da ya dawo sayarwa. Wanda zai biya dila nan take sau ɗaya tazarar take cizonsa, amma wanda ya saya don ya ajiye sau biyu take cizonsa, da shiga da fita.

Wannan ya kawo ni ga babban kuskuren da na yi da shawararsa. A watan Janairu na 2025 ya ce mini, "Baba, me ya sa kake barin kuɗinka a sefa? Mutanen Kano duk sun koma ajiya a USDT, kuɗinsu ba ya narkewa." Na ɗauki jika 330, wato sefa 330,000, daga ɗan abin da nake tarawa, ya sayar mini a kan sefa 660 kowane guda, na samu USDT 500. A watan Yuli buƙata ta taso, na koma sayarwa, ya saya a kan 575. Na fito da sefa 287,500, wato na yi asarar 42,500 cikin wata shida, alhali USDT bai kauce daga dalar Amurka ɗaya ba, kuma babu wanda ya sace mini ko tamma.

Da na zauna da alƙalami sai na ga inda gizo yake saƙar. Maganarsa game da mutanen Kano gaskiya ce, amma gaskiyar Kano ce. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya riƙe USDT a can ya tsira da dukiyarsa, shi ya sa suka rungume shi. Mu kuwa kuɗinmu ba haka yake ba. Sefar da babban bankinmu BCEAO yake bugawa wa ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA ta yammacin Afirka a ɗaure take da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma wannan adadi bai motsa ba. Ma'anarsa ita ce mutumin Damagaram da ya sayar da sefa ya sayi USDT bai gudu daga kuɗi mai narkewa ba, caca ya shiga tsakanin yuro da dalar Amurka ba tare da ya sani ba. A Janairun 2025 yuro ɗaya yana wajen dalar Amurka 1.03, wato dalar tana kusan sefa 635, zuwa Yuli yuro ya kai wajen 1.17, dalar ta sauko kusan sefa 560. Faɗuwar dalar ita ta ci mafi yawan kuɗina, tazarar shago ta ci sauran. Da akasin haka ya faru da na ci riba, kuma da na ɗauka wayona ne. Akwai masu ajiya a USDT don tsoron kada a karya darajar sefa kamar yadda aka yi a Janairun 1994, lokacin da aka raba ta biyu dare ɗaya, ko don maganar da ake yi ta sabon kuɗin ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. Wannan dalili ne da mai hankali zai iya tsayawa a kai, amma ba shi aka faɗa mini ba, an sayar mini da maganin ciwon da ba ni da shi.

Haka nan mai shagon bai taɓa gaya mini cewa USDT alkawarin kamfani ne kawai ba. Tether yana ajiye mafi yawan kuɗin da ke tsaye wa USDT a takardun bashin gwamnatin Amurka, shi yake cin ruwan da suke haifarwa, mai riƙe da USDT ba ya samun komai. Kamfanin yana da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi, kuma a 2021 wata hukumar Amurka ta ci shi tarar dalar Amurka miliyan 41 kan abin da ya faɗa game da ajiyarsa. Wani kuɗi mai irin wannan alkawari, TerraUSD, ya rushe a watan Mayu na 2022. Ban ce USDT zai bi sahunsa ba, domin ginin su biyun ba iri ɗaya ba ne, amma wanda yake karɓar kuɗin tsofaffi ya kamata ya ambaci wannan ko sau ɗaya.

Game da Bitcoin kuwa, wani kirifton da farashinsa ba a ɗaure yake da dalar Amurka ba, bakin mai shagon ba ya gajiya da cewa guda miliyan 21 kaɗai za a taɓa samu, kuma ladan masu haƙo shi, wato masu samar da sababbi da na'ura, ya ragu zuwa Bitcoin 3.125 a watan Afrilu na 2024. Duka gaskiya ne. Sai dai yana tsallake cewa abin da ya kai kusan dalar Amurka 69,000 a Nuwamban 2021 ya faɗo wajen 16,000 bayan shekara guda, kafin ya haura 100,000 a Disamban 2024. Ƙarancin abu ba ya hana farashinsa tangaɗi, duk mai sayar da barkono ya san haka. Samarin da ke cika bencinsa da yamma suna danna waya don tara wani kirifto mai suna Pi ba su dame ni ba, lokacinsu suke kashewa. Wanda ya dame ni shi ne ɗan kabu-kabun da na ji yana tambayar Bitcoin nawa kuɗin babur ɗinsa zai sayo.

Aibin da ya fi taɓa aikina shi ne rashin takarda. Shagon ba ya ba da rasiti, sai hoton fuskar waya da ake turo maka ta WhatsApp. Shagon ƙanena yana da lambar haraji ta NIF, yana biyan lanho, kuma kayan da muke shigowa da su suna bi ta hannun duwan. Idan ma'aikacin haraji ya buɗe littafina ya ga sefa miliyan biyu sun fita, ya tambayi inda suka tafi, jerin haruffa 34 ba amsa ba ce, domin kuɗin da doka ta sani a ƙasar nan sefa ce, kuma da ita ake lissafin ciniki da riba da harajin kaya na TVA na kashi 19 cikin ɗari. Wasu ma suna ɗaukar rashin takardar a matsayin falala, suna ganin sun ɓuya. Ba su ɓuya ba, domin kowace tura kuɗi a hanyar Tron a rubuce take a fili har abada, duk wanda ya san adireshinka zai ga shige da ficenka. Gwamnatoci kuma sun fara miƙa hannu. Amurka tun 2014 take ɗaukar kirifto a matsayin kadara da ake biyan haraji kan ribarta, Indiya ta sa kashi 30 cikin ɗari a 2022, Najeriya kuma a dokar kuɗi ta 2023 ta sa kashi 10 cikin ɗari kan ribar sayar da irin wannan kadara. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta ranar da ya saya da farashin da ya saya, ranar da aka tambaye shi ba zai iya nuna riba ba, ba zai iya nuna asara ba.

Ko ba don hukuma ba, akwai zakka. Malamai sun saɓa kan halaccin kirifto kansa, amma wanda ya bi masu halattawa ya ajiye, idan dukiyarsa ta kai nisabi shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in yana kansa, kuma sai ya san darajar abin da ke jakarsa da sefa a ranar kafin ya fitar.

Na yi wa mai shagon maganar rasiti sau uku. A karo na uku na je da littafin rasiti mai kwafi da na saya da kuɗina, na ajiye masa a kan teburi na ce, "Ɗana, daga yau duk abin da na kawo ka rubuta kwanan wata, da sefar da ka karɓa, da farashin USDT, da sunan dilan da aka biya, ka sa hannu." Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai kaɗai ne a garin nan kake neman takarda a kan kirifto." Amma yana rubutawa, kuma ina liƙa kowace takarda a bayan takardar cinikin da Alhaji yake aiko mana daga Kano. Sauran masu zuwa har yanzu hoton waya suke karɓa, farashin kuma har yanzu ba a allo yake ba.

Yanzu kuɗin kaya kaɗai nake kai masa, kuma ba na bari USDT ya kwana a hannunmu, ranar da aka saya ranar ake biyan dila. Kafin in fita daga gida ina duba farashin yuro da dalar Amurka, in raba 655.957 da shi, don in san iyakar abin da zan yarda a ɗora mini. Makon jiya ya faɗi farashinsa, na nuna masa lissafina a bayan ambulan, ya duba ya rage sefa biyar a kowane guda.