Mo Yan da Liu Cixin a gaban masu karatu da Ingilishi

Wani ɗan uwa a wannan zaure ya tambaya ko wane ne ya fi karɓuwa tsakanin Mo Yan da Liu Cixin a wurin masu karanta labaran ƙasar Sin da aka fassara zuwa Ingilishi. In ana maganar yawan masu karatu, Liu ne a gaba nesa ba kusa ba, amma dalilin hakan ya fi amsar kanta ban sha'awa, domin kowannensu ta ƙofa dabam ya shiga.

Mo Yan, haifaffen Gaomi a lardin Shandong, ta hannun jami'o'i da masu sharhin adabi ya iso. Howard Goldblatt ya fassara littafinsa Red Sorghum a 1993, bayan fim ɗin da Zhang Yimou ya shirya daga labarin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 1988. Labaransa na ƙauye ne, na yunwa da yaƙi da zaluncin masu iko, cike da zambo da al'ajabi. Da aka ba shi kyautar Nobel a 2012, muhawarar jaridun Amurka da Ingila ta bar littattafan ta koma kan muƙaminsa na mataimakin shugaban ƙungiyar marubuta da ke ƙarƙashin hukuma, da kuma yadda ya kwatanta tace rubutu da binciken da ake yi wa matafiya a filin jirgin sama, har Salman Rushdie ya yi masa kakkausar suka. A ganina ba a yi masa adalci sosai ba, domin wanda ya karanta littafinsa Frog zai ga yadda ya bayyana tilasta wa mata zubar da ciki a zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya ba tare da rufa-rufa ba.

Shi kuwa Liu Cixin, a da injiniya ne a wata tashar wutar lantarki a lardin Shanxi, kuma masoya ƙagaggun labaran kimiyya ne suka fara karɓarsa, mutanen da abin da ya dame su shi ne labari ya yi armashi. Kamfanin Tor ya buga littafinsa The Three-Body Problem a 2014 cikin fassarar Ken Liu, wanda ya dawo da babukan juyin juya halin al'adu, wato rikicin siyasar Sin na zamanin Mao, farkon littafin kamar yadda marubucin ya tsara tun asali, bayan bugun Sinanci ya kai su tsakiya. A 2015 littafin ya zama fassararren labari na farko da ya ci kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya, a ajin dogon labari, Barack Obama ya yaba masa a bainar jama'a, sannan Netflix ta fitar da shirin talabijin a kansa a 2024. Masu karatu sun koka cewa taurarin labarinsa ba su da rai sosai, musamman mata, amma girman tunanin ya sa suka ci gaba da saye.

Shi ma Liu Cixin siyasa ba ta ƙyale shi ba, sai dai ta iske shi bayan ya riga ya kafu. A 2020 sanatocin Amurka biyar sun rubuta wa Netflix takarda kan kalaman da ya yi wa mujallar New Yorker a 2019 yana kare matakan gwamnatin Sin kan Musulmin Uyghur a yankin Xinjiang, kamfanin kuma ya nisanta kansa da kalaman ya ci gaba da aikinsa.