Zork I: wasan da ba hoto ko ɗaya, sai rubutu da dodo a cikin duhu

Zork I wasan kwamfuta ne na kamfanin Infocom da ya fito a 1980, bayan Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling sun fara rubuta shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1977. Babu hoto, babu sauti. Kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi da Turanci, kamar open mailbox ko take lamp. Aikinka shi ne ka shiga wata rusasshiyar daula ta ƙarƙashin ƙasa, ka kwaso dukiyarta ka jera a cikin kabad ɗin falon wani farin gida, har maki ya cika 350.

Farkonsa ba wuya. Ka zagaya bayan gidan, ka buɗe taga ka shiga kicin, ka wuce falo ka ɗauki fitilar tagulla da takobi, ka janye kafet, sai ga murfin rami. Kana sauka wani ya rufe shi ta sama. Kunna fitila tun kafin ka sauka, domin duk wanda ya yi yawo a duhu, dodon da suke kira grue ne zai cinye shi. Batirin fitilar kuma yana ƙarewa, saboda haka a kashe ta da an fito fili, a kuma nemi tocilar hauren giwa da wuri, ita ba ta mutuwa. Sai dai kada a shiga ɗakin gas na mahaƙar kwal da ita, wurin zai tashi da kai.

Inda wasan ya fi daɗi shi ne zolayarsa. A madatsar ruwa mai lamba 3 akwai littafin jagorar baƙi da ke ta kirarin aikin, yana cewa an gina ta da zorkmid (kuɗin daular) miliyan 37 daga hannun azzalumin sarki Dimwit Flathead, wanda laƙabinsa ma mai wuce gona da iri ne. Ba'a ce ake yi wa masu mulki masu son manyan ayyuka don suna. Madatsar kanta tarko ce: a ɗakin gyara akwai maɓallai huɗu. Rawaya za ka danna, sannan ka juya kusar da ke kan madatsar da sifana ruwa ya janye. Wanda ya danna shuɗi ya fasa bututu, ɗakin ya cika da ruwa.

Sai ɓarawo. Yana yawo a ƙarƙashin ƙasa, ya yashe ka ya ɓace, kuma da wuya sabon shiga ya iya da shi a faɗa. Amma kada a yi gaggawar kashe shi. Ƙwai mai ado da ke kan bishiya a daji, in ka buɗe shi da ƙarfi ka lalata tsuntsun da ke ciki, darajarsa ta faɗi. Ɓarawon kaɗai ke da hannun buɗe shi lafiya. Ka bar masa, daga baya ka bi shi maɓoyarsa ka karɓo.

Aibinsa na gaske shi ne ba ya gargaɗi. Kana iya ɓata wasan tun da wuri, ba za ka sani ba sai bayan sa'o'i. Ka shiga kwalekwalen roba da takobi, ya huje. Wasu mafitar kuma ba hankali ke kai mutum gare su ba: a ɗaki mai ƙara, rubuta echo na cikin hanyoyin da ke ba ka damar ɗaukar sandar filatinam. Hanyoyin ruɗani da ke yamma da ɗakin dodo mai gatari duk kamarsu ɗaya, dabarar ita ce ka riƙa yar da kaya ɗaya a kowane ɗaki kana zana taswira a takarda. Rubuta save kafin kowane faɗa, don sakamakon faɗa sa'a ce.

Fayil ɗinsa bai kai kilobayit 100 ba, kuma manhaja irin Frotz tana buɗe shi ko a tsohuwar kwamfuta, ba ya buƙatar intanet. Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba ya ajiye ƙamus kusa, don wasan yakan ɓoye alamar mafita a cikin bayanin ɗaki. Mai son harbi da gudu kuwa, wannan ba nasa ba ne.