Gargaɗi ga masu injin yankan katako: a kula da masu "gyaran" ramin filogi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sana'ar yankan itace da katako, akwai wata cuta da ta yi yawa a hannun wasu masu gyara, musamman a kan injin Stihl 070 da aka fi aiki da shi a dazukanmu.

Silindar injin nan ta alminiyam ce, filogi kuwa ƙarfe ne. Idan aka ɗaura filogi a karkace, ko aka matse shi fiye da kima, ko aka kwance shi injin na da zafi, haƙoran ramin ne ke cinyewa. Sai filogi ya riƙa juyawa ba ya kamawa. Kuma wannan inji ba shi da kai daban da za a cire a canza, kai da silinda a haɗe aka zuba su. Nan ne macuta suka samu ƙofa.

Na farko shi ne mai gam. Zai ce ka je ka sha shayi ka dawo. Ya naɗa wa filogi zaren famfo ko siririyar waya, ya shafe da gam, ya danna a rami. Ka dawo ka ja igiya, inji ya tashi, ka biya. Gam ba ya jure zafin da ke wurin, balle matsin inji mai girman cc 106. Kana tsakiyar gungume filogi zai yi tsalle ya fito, wani lokaci ɓurɓushin ya faɗa ciki ya kankare fistin, wato abin da ke kai-komo a cikin silinda.

Na biyu ya fi shi mugunta, don shi ya iya aikin. Zai duba ya girgiza kai ya ce sai an buɗe inji, ka bar shi ka dawo jibi. Buɗewar gaskiya ce. Amma da ka juya baya zai cire silindarka ta asali da fistin, ya sa maka jabu mai araha, ya ce ga shi ya gyara. Taka kuwa ya gyara raminta a natse ya sayar wa wani a matsayin ta Beljiyam. Ka biya kuɗin aiki, kuma ka yi kyautar abu mafi tsada a jikin injin. Jabun zai yi aiki na ɗan lokaci, sai rufin cikin silindar ya fara ɓarewa, ƙarfi ya ragu, inji ya riƙa mutuwa da ya ɗauki zafi. Kafin nan wa zai tuna da mai gyara? Sai a ɗora laifin a kan man fetur, ko yaron da ke riƙe da injin.

Gyaran gaskiya ba ɓoyayye ba ne. Ana cire salansa da kafireto, a kwance kusoshi huɗu na gindin silinda, a zare ta daga kan fistin. A yanka sababbin haƙora masu ɗan faɗi, a saka zoben ƙarfe irin Helicoil ko Time-Sert, wanda zai mayar da ramin daidai awon filogi, milimita 14. A wanke tas, a sa sabon gaskit. Wanda ya ce zai yanka haƙora silinda na jikin inji, giris kawai zai shafa ya kama garin alminiyam ɗin, caca yake yi da injinka, ba da nasa ba.

Don haka kafin ka miƙa inji, ɗauki hoton rubutu da lambobin da ke jikin silindarka, ka kuma yi mata 'yar alama da ƙusa a wani lungu da kai kaɗai ka sani. In da hali, zauna a yi aikin a gabanka. Ce a nuna maka zoben kafin a saka, bayan an gama kuma ka kwance filogi da kanka ka leƙa ramin. Idan aka ce silinda ta mutu sai sabuwa, ka karɓi tsohuwarka ka tafi da ita gida. Duk wanda ya fara yi maka kwana-kwana a kan wannan, ɗauki injinka ka ƙara gaba, ko da kuwa kun shekara kuna ciniki.