Gargaɗi ga malaman da suka ajiye alli: ku kula da mai "sabunta lasisi" a WhatsApp

Ƙanwata ta ba ni izinin in ba da wannan labari, da sharaɗin kada in kama sunanta, na kuwa yarda. Wani mutum da ba ta taɓa sa shi a ido ba ya raba ta da naira 74,000 cikin kwana tara, sannan ya damƙa mata takardar da ta kusa jawo mata abin da ya fi asarar kuɗin ciwo. Duk wanda ya taɓa koyarwa a Kaduna ya bari, yanzu kuma yake tunanin komawa aji, da shi nake magana, musamman mata.

Ta yi NCE a Zariya, ta koyar a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, ta zauna jarrabawar hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, wato TRCN, ta ci, aka ba ta takardunta. Daga nan aure ya kai ta Rigasa, haihuwa ta biyo baya, shekara shida ba ta shiga aji ba. Sarin atamfa da mayafai take yi daga kasuwar Gumi tana sayarwa a gida. Bana da abubuwa suka yi tsauri, wata makaranta a Unguwar Rimi ta ce za ta ɗauke ta, amma shugabar makarantar ta ce ta zo da lasisinta na koyarwa. Ta buɗe jakar takardu ta duba, ta tarar wa'adinsa ya wuce tun tuni.

Ya kamata a fahimci wani abu a nan, domin a kan rashin saninsa mutumin ya gina damfararsa. TRCN hukuma ce ta gwamnatin tarayya da aka kafa da doka a 1993, ita ke da alhakin tantance wanda ya cancanci a kira shi malami a ƙasar nan. Takarda biyu take bayarwa: shaidar rajista mai ɗauke da lambarka, da kuma lasisin koyarwa wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. An kasa malamai rukuni huɗu, A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digiri na farko, D masu NCE, kuma abin da mutum zai biya ya danganta da rukuninsa. Ƙarewar wa'adin lasisi abu ne da ke faruwa da kowane malami, har mu da muke cikin aji kullum. Amma macen da ta shekara shida tana gida, gani take yi kamar ta yi wani laifi, kamar in ta je ofis za a tsare ta da tambayar ina ta shiga. Wannan kunyar ita ce jarin ɗan damfaran.

A zauren WhatsApp na tsoffin ɗaliban ajinsu ta ga tallan. Hoton da ke kan lambar tambarin hukumar ne. Rubutun ya ce ana sabunta lasisi daga gida cikin kwana uku, ba layi, ba zirga-zirga. A ƙasa wasu lambobi biyu sun yi godiya, ɗaya har da hoton takarda, wai nasu ya fito. Daga baya da aka tambaya, ba wanda ya san masu lambobin nan a cikin 'yan ajin, ba kuma wanda ya tuna wa ya saka su a zauren.

Na saurari saƙonnin muryar da ya riƙa turo mata, kuma in gaya muku gaskiya, mutumin ya iya bakinsa. Muryar dattijo ce mai natsuwa. Ba ya buɗe magana sai da cikakkiyar sallama, ba ya kiranta sai da "Hajiya Malama", yana tambayar yara da maigida. Ya ce mata, "Ai irinku muke taimaka wa, matan aure da fita ke yi wa wuya. Ba sai kin taka ko'ina ba." Ya san kalmomin aikin, ya tambaye ta rukuninta, ya ce D ke nan. Wannan kaɗai ya sa ta saki jiki.

Ya fara da naira 15,000, wai kuɗin fom. Bayan kwana biyu ya kira da muryar damuwa, wai ya duba a kwamfuta ya ga an jera sunanta cikin waɗanda za a goge daga rajista ƙarshen mako, saboda ta daɗe ba ta koyarwa. In aka goge, sai ta sake zama jarrabawa daga farko. Amma in ta biya bashin shekarun da suka wuce, naira 32,000, zai roƙi ogansa a tsame ta. Ta kwashe uwar kuɗin atamfarta ta je wurin mai POS ta tura. Sai kuma ga maganar bita, wai dole a nuna ta halarci horon ƙara wa juna sani, shi zai cike mata gurbin, da kuɗin gaggawa, naira 27,000. Wannan rance ta ci a wurin maƙwabciyarta. Duk kuɗin nan uku asusun mutum ɗaya suka shiga, kuma sunan da ke kan asusun daban yake da sunan da ya gaya mata. Da ta yi magana, ya ce na akawun ofishinsu ne.

A rana ta tara ya turo takardar ta waya. Ta kai shagon kwamfuta aka buga mata mai kala, aka sa mata leda, ta yi kyau ƙwarai, ga hotonta, ga tambari, ga sa hannu. Ta kai makaranta da murnarta. Allah ya sa shugabar makarantar mace ce mai lura kuma mai rufin asiri. Ta ajiye sabuwar takardar kusa da tsohuwar shaidar rajista, ta ga lambobin ba su yi daidai ba. Ta ja ta gefe ta ce, "Malama, wa ya ba ki wannan?" Daga bakin ƙofar makarantar ƙanwata ta kira ni tana kuka: "Yaya, na shiga uku, an ce takardar jabu na kawo." Kafin la'asar mutumin ya toshe lambarta.

Shekarata sama da ashirin ina koyarwa a garin nan, kuma na san dalilin da ya sa irin wannan sana'a ta sami kasuwa a Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, aka sallami 21,780. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ko me mutum yake gani game da wancan mataki, mutanen nan ba su ɓace ba. Suna nan cikinmu, wani yana jan keke napep, wani ya buɗe shagon caji, wata tana ɗinki, wani ya koma gona. Ƙara da matan da aure ko goyo ya zaunar, da waɗanda rashin tsaro ya raba da makarantun ƙauye. Duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar malamai, ko wata makarantar kuɗi ta nemi takarda, sai dubban mutane su kakkaɓe fayil a lokaci guda, kowa cikin sauri, kowa da fargabar kada a sake cewa bai cancanta ba. Mutumin da aka taɓa kora a bainar jama'a ba ya son ya sake tsayawa gaban teburin wani jami'i. Na fahimci wannan sarai, kuma shi ya sa abin yake ƙona mini rai: waɗanda aka riga aka karya wa zuciya su ake bi ana tatsa.

Alamar da ta fi kowace fitowa fili ita ce ta wurin biyan kuɗi. Tun 2015 kuɗin hukumomin gwamnatin tarayya asusun bai-ɗaya suke shiga, ta hanyar Remita. Ana fitar maka da lambar biya, ka biya a banki ko ta waya, rasit ya fito da sunan hukumar da sunanka. Duk wanda ya turo maka lambar asusu mai sunan mutum ya ce ka zuba kuɗin lasisi a ciki, ko ya rantse da abin da zai rantse, ɓarawo ne. Ko da ya nuna maka katin aiki, ko da ya ce ɗan unguwarku ne. Haka kuma wanda ya ce maka yau ko gobe za a goge sunanka, so yake kada ka sami sararin tambayar wani. Sauri ya haifi nawa.

Akwai wata katoɓara da ya yi wadda da ƙanwata ta turo mini tun farko da na gane shi nan take. A wani saƙon ya ce takardar tana jiran sa hannu a NTI. NTI, wato cibiyar malamai ta ƙasa da ke Rigachikun, kan hanyar Zariya, horar da malamai take yi, tana ba da NCE da difilomar koyarwa ta karatu daga nesa. Lasisin koyarwa ba aikinta ba ne. Ya jefo sunan ne kawai don ya san duk malamin Kaduna ya san wurin.

Tallan nasa yana da kashi na biyu, kuma shi ya fi haɗari. Yana cewa wanda bai taɓa rajista ba ma zai samo masa takarda ba tare da jarrabawa ba. Tun 2017 ake zama jarrabawar cancanta ta TRCN a kan kwamfuta, mutum da kansa yake zuwa ya zauna. Wanda ya sayi takarda don ya tsallake wannan, ya sani ranar da aka tantance, a hannunsa za a kama jabun, sunansa da hotonsa ne a jiki. Mai bugawar ya daɗe da canza layi. Ƙanwata ma da aka zalunta, da a ce wurin tantance ma'aikatan gwamnati ta kai takardar nan, wa zai tsaya sauraron labarin saƙon murya? Na kuma ga yana tallan wasiƙar shaida ga masu neman aikin koyarwa a Ingila, tunda a 2023 an buɗe wa malaman Najeriya na wasu darussa ƙofar neman shaidar koyarwa a can. Masu wannan buri su sani can ma bincikawa ake yi.

Bayan kuɗi, ya karɓi hoton takardar NCE ɗinta, da lambar NIN, da hoton fasfo. Ya ma nemi ta karanto masa wasu lambobi da za su shigo wayarta, wai na tabbatar da rajista ne. Nan ne kaɗai ta ƙi, domin ta tuna bankinta ya sha turo saƙon kada a ba kowa irin lambar. Da ta ba shi, ko asusunta ya kwashe ko ya ƙwace WhatsApp ɗinta ya shiga roƙon 'yan uwa kuɗi da sunanta.

Washegari na ɗauke ta da kaina muka fara da banki, muka shigar da ƙorafi da rasit ɗin POS ɗin guda uku, muka kai rahoto wurin 'yan sanda. EFCC ma tana da ofis a Kaduna, kuma duk wanda abin ya shafa ya adana saƙonni da rasit, kada haushi ya sa ya goge. Daga nan muka wuce ofishin hukumar na jiha. Aka duba lambarta ta asali, sunanta yana nan daram. Ba wanda ya tambaye ta dalilin barin aji. Aka yi mata bayanin abin da ake bin ta da yadda za ta biya. A hanyar dawowa ta yi shiru har muka wuce Bakin Ruwa, sannan ta ce, "Yaya, ashe abin da nake tsoro ke nan."

Ina da magana da mazaje, kuma na faɗa wa surukina ita ido da ido. Abin da ya ja ƙanwata ga mutumin nan shi ne kalmar "ba sai kin fita ba". In matarka tana da takardar koyarwa tana son raya ta, ka ware safiya ɗaya ka kai ta, ko ka bar ta ta je da ɗan'uwanta. Kuɗin keke daga Rigasa zuwa cikin gari da dawowa ko kusa bai kai abin da ta tura a zubin farko ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Har yau kuɗin ba su dawo ba, tana biyan maƙwabciyarta kaɗan-kaɗan. Shekaranjiya wani abokin aikina ya nuna mini tallan a wani zauren malamai na Kawo. Lambar sabuwa ce, amma rubutun shi ne sak, har da lambobi biyu masu godiya a ƙasa. Masu kula da zaurukan malamai da na tsoffin ɗalibai, don Allah ku duba naku a daren nan, in kun gan shi ku ɗauki hoton tallan da lambar kafin ku cire shi, sannan ku tambayi 'yan zauren ko akwai wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya yi shiru.